Injin Kawunku da Burtalin Arɗo

Na ji abin da ake gaya muku a kaina, na kuma san bakunan da ke faɗa. Ana ce muku a shekarar da aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, ranar da gari duka ya taru a kasuwa don a nuna mu ma muna da zuciya, ubanku ya saɓa riga ya tsallaka iyaka ya je ya durƙusa wa wan matarsa. Rabin maganar gaskiya ne, na tsallaka. Durƙuso kuwa ban yi ba, don gwiwata ta dama ta daɗe da daina lanƙwasuwa, ko a masallaci kun ga a kan kujera nake. Sauran rabin shi ne nake so in rubuta muku tun idona na ganin layi, don na gaji da gyara labarin nan a bakin kowane mai shayi. Wanku Illiyasu ya san zan ambace shi. Ya ce in rubuta abin da na ga dama, ni ma dama ba izininsa nake jira ba.

Yawancin shekarun ƙarfina na yi su ne ina tafinta da rubutu a wani biro, wato ofishin hukuma, a Dogon Dutsi. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara akan yi zaman iyaka, manyanmu da manyan ƙetare su haɗu su duba abin da ya shafi talakawan gefen nan da na gefen can: satar dabbobi, ranakun kasuwa, hanyoyi. Da za ku ga zaman nan da kun yi dariya har ku riƙe ciki. Babbanmu ya yi magana da Faransanci, in juya ta Hausa. Babbansu, wanda ya riga ya ji, ya amsa da Ingilishi, tafintansu ya juya ta Hausa, ni kuma in maida ta Faransanci don babbanmu, wanda shi ma ya riga ya ji. In an tashi cin abinci sai a tuɓe takalma a zauna a tabarma ɗaya, a sa hannu a akushi ɗaya, a yi ta hirar kokawa da Hausar da kowa ya sha a nono. Ni ne nake rubuta takardar maganganun da za mu gabatar, ni ne kuma nake karanta ta. A takardar nan akwai magana ta bakwai, wadda na fi kowace sani, don ita kaɗai ce ban taɓa karantawa ba.

Ta bakwai maganar burtali ce. Kudu da Tibiri, kusa da garinmu, akwai hanyar shanu da ke bin gefen iyaka ta gangara fadama. Arɗo Jaɓɓi da mutanensa ita suke bi tun kakanni. Manoman Kukar Maje, ƙauyen da ke kallonmu daga ƙetare, suka yi ta cin ta da gona, bana kunya biyu, baɗi kunya uku, har hanyar da garke ke bi a baje ta koma sai saniya ɗaya bayan ɗaya. In wata ta ɗaga kai ta tsinki gero, sai faɗa, sai sanda. Na je da ƙafata na auna, na rubuta sunayen masu gonakin. Na farko a jerin shi ne Alhaji Dikko, mai injin casar shinkafa a Kukar Maje, wan uwarku ciki ɗaya. Ranar da ta ji na sa sunansa, kwana biyu ina cin tuwo da miyar da ba gishiri. Duk da haka ban goge ba.

Wanda nake ƙarƙashinsa a lokacin shi ne Mushe Alzuma (Mushe muke ce wa duk ma'aikacin hukuma), ɗan garinmu ne, kun san shi, mai sandar azurfa. Kowace shekara, muna cikin mota kafin mu iso wurin zama, sai ya karɓi takardar ya duba, ya sa farce a wuri ɗaya.

"Barmu, ta bakwai ɗin ga, tsallake ta."

"Don mi, Mushe?"

"Daga sama anka bugo. Ana maganar su ƙara muna kuran. Ba yanzu ba."

Shekara ta gaba sai ya ce ana gyaran babbar wayar kuran, injiniyoyinsu ne ke yi, kada a ɓata musu rai. Ta gaba kuma ya ce rani ya yi tsanani, ruwan madatsarsu ya ja baya, in za a rage wa wani mu za a fara ragewa. Dalili bai taɓa ƙarewa ba. Tun muna samari muke jin cewa akwai fahimta tsakanin ƙasashen biyu: babban kogi ta wajenmu yake wucewa kafin ya isa gare su, mu ba za mu tare shi ba, su kuma su ba mu wutar da suke samu daga gare shi. A baki, ciniki ne na 'yan'uwa. A aikace kuwa, kogi ba ya tsayuwa don ranka ya ɓaci, wuta ko da yatsa ɗaya ake kashe ta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ban taɓa jin wani daga ƙetare ya ce mu yi shiru ba. Ko sau ɗaya. Mu ne muke yin shirun da kanmu tun daga cikin mota, daga babban birni har zuwa farcen Mushe Alzuma.

Duk dawowarmu, kwana biyu ba ta cika sai ga Arɗo a ƙofar gidana da ƙwaryar nono. Dogon mutum ne mara yawan magana. Sai ya zauna, a gaisa, a tambayi shanu, sannan ya ce:

"Mushe, an hwaɗi?"

"Ba a kai wurin ba, Arɗo."

"Takardar ga tana da tsawo ke nan."

Ya ajiye nonon ya tafi. Haka muka yi ta yi har gashina ya yi fari na bar aiki, na dawo gida. Da na dawo, mutanen gari suka ce ga mai ilimi ya zo, suka ɗora ni shugaban komiten ruwa. Muna da shato, babban tankin nan da ke bisa ƙafafu a yammacin gari, injin da ke ɗaga ruwa zuwa cikinta kuwa da kuran yake aiki. Daga ita pampunan unguwanni ke sha, da asibitinmu ƙarami, da kwamayen shanu da ke bayan gari. Aikin ba wuya. Na ɗauka na rabu da siyasar wuta har abada.

Sai ga shekarar nan. Da damina sojoji suka karɓi mulki a babban birni, maƙwabta suka ce ba su yarda ba, aka rufe iyaka, aka yanke kuran. Kun san wannan, ba sai na faɗa ba. Abin da ƙananan cikinku ba su sani ba shi ne yadda gidanmu ya koma. Uwarku tana tsakar gida da rediyonta tana kama tashar ƙetare, tana sauraron abin da ake cewa a kanmu. Illiyasu yana zaure da abokansa 'yan kasuwa, samari masu gajeren wando da gemu da littafi a aljihu, kowa da waya a hannu, suna sauraron abin da muke cewa a kansu. Ni ina tsakiya, kamar yadda na saba. In ta ce mutanensu ma ba su so abin da aka yi ba, sai ya ɗaga labule ya ce:

"Inna, ba su so ba, amma su ad da hannu bisa makunni."

"Kawunka ne ya kashe? Shi da ko a gidanai babu?"

"Se fini, Inna, an gama. Wanga karo ba mu roƙon kowa. Allah ɗai ka ba da haske."

"Allah ɗai ka ba da shi, amma wayarka wajen mai caji ka kai ta da sahe."

Ba wai kuran ya ɗauke ɗungum ba ne. Akan kawo shi daga injunan cikin gida, ya yi awa biyu ko uku ya tafi, wani lokaci kwana biyu ba a gan shi ba. Fitila da caji sun samu. Shato kuwa ba ta cika da awa biyu. Da damina ba mu ji jiki sosai ba, akwai tabkuna, akwai ruwan sama a randa. Da aka yi kaka tabkuna suka ƙafe, garke-garke suka dawo kwamaye, nan ne ido ya raina fata. Mata suna jera bido, wato jarkoki, tun hantsi har la'asar a bakin pampon da ke tari ba ruwa. Tsofaffin rijiyoyin da muka watsar aka koma yasa, ruwansu ja, yara suka fara zawo. Ungozomar asibiti ta zo har gida ta ce mini da ruwan buta ɗaya ta karɓi haihuwa. Shanun Arɗo suna tsaye a kwamin da ba kome suna kuka, kukan da in ka ji shi sau ɗaya ba ka mantawa. Na rubuta takarda sama ina neman gurup, wato injin wuta mai shan gazuwal, man dizal ke nan. Aka ce kowane gari abin da yake nema ke nan, in yi haƙuri. Mai kuwa muna da namu, can gabas ake tace shi, amma tankoki wucewa suke yi ta kan kwaltar Dogon Dutsi zuwa babban birni, mu dai mu ga bayansu.

Uwarku ce ta kawo maganar, tana tsince wake ba ta ko dube ni ba.

"Yaya na da babban injin wuta yana zaune. Tun da anka ruhe iyaka ba shinkahwar da zai casa. Na aika mishi ta bakin wani mai kabu-kabu. Ya ce in kai ka zo da kanka, ya ba ka aro, har da mai."

"In ni na zo da kaina."

"To wa zai ba? Ni ce shugabar komite?"

Ina cikin juya wannan a raina, sai ga Mushe Alzuma da sandarsa. Shi ma ya daɗe da barin aiki, amma shekarar nan ta maido masa da ƙuruciya. Shi ne kan gaba a kowane taro, muryarsa ta fi lasifika. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a yi babban gangami, za a zo daga Tibiri da Dumega da ƙauyuka, za a lissafa duk wulaƙancin da muka haɗiye daga ƙetare. Ya ce ya tuna da wata magana.

"Ta bakwai ɗin nan, Barmu. Kana da ita?"

Na dube shi. Wallahi sai da na nemi tsarin Allah daga Shaiɗan a zuciyata.

"Ina da ita, Mushe. Ba ta tsuhwa ba, ba a taɓa amhwani da ita ba."

"Madalla. Kai za ka karanta ta da bakinka, da sunayen duka. A ji irin zaluncin da anka yi wa makiyayanmu muna kallo."

"Muna kallo," na ce.

Bai ji komai a maganar ba. Ya sha ruwan da aka kawo masa, ruwan da uwarku ta yi rabin yini tana jira a layi, ya tafi.

Kada ku ɗauka ban so ba. Na so, har na buɗe akwati na fiddo takardar. Shekara da shekaru ina ɗauke da maganar nan kamar ƙashi a maƙogwaro, ga shi an ce in tofar a gaban kasuwa. Amma na san zamanin da muke ciki. Kafin in ninke takardar, wayoyin samari sun kai muryata Kukar Maje, Alhaji Dikko ya ji sunansa na farko a jerin azzalumai daga bakin mijin ƙanwarsa. Bayan wannan ko allura ba zai ba ni aro ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Illiyasu ya same ni da takardar a cinya. Abin da ya faɗa shi ya fi yi mini ciwo, don gaskiya ya faɗa.

"Baba, tun ina ƙarami nike jin ka kana dawowa kana ƙorahi an ruhe maka baki. Kai ka koya min cewa wanda ka ci daga hannunai ba ka iya dubin idonai. Yanzu an buɗe, kai kuma za ka ruhe da hannunka?"

"Asibiti ba ruwa, Illiyasu."

"Mu yi haƙuri mu sha wuya sau ɗaya mu huta. In ka tahi yau, jikokinka ma sai sun tahi."

"Jikokin nawa su ka zawo yanzu."

Ya tashi ya fita.

Maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, don haka jajibirin kasuwa na hau kabu-kabu na je ruga. Na tarar da Arɗo a gindin gawo, an kwantar da wata karsana da ta kasa tashi, ana ɗura mata ruwa da kwalba. Na gaya masa komai, ban ɓoye ba. Na ce ga takarda, ga inji, ɗaya zan iya ɗauka. Ya daɗe yana kallon karsanar.

"Ka karanta da sahe, ka tahi roƙo da marece."

"Ba ta yiwuwa, Arɗo."

"Samarina sun ji za a hwaɗi. Sun wanke riguna."

"Na sani."

"To kai ka sani, Mushe."

Bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Ya bar mini kayana a kaina.

Ranar kasuwa da hantsi, ana gwada lasifika, na bi ta bayan gari da amalanken shanu biyu da masu su. An rufe iyaka a kan kwalta, amma wa zai rufe gonaki? Hanyar ta bi da mu ta burtalin kansa. Na ga karan geron Alhaji a tsaye a inda na taɓa auna faɗin garke, na kau da kai. Kafin azahar muna Kukar Maje. Kawunku ya tarbe ni da kyau, ya sa aka kawo fura, ya tambayi ƙanwarsa da yara ɗaya bayan ɗaya. Na zo da shirin jin gori, sai na tarar da mutumin da ya fi ni haushi. Ya ja ni waje ya nuna mini sama, ba sandar wuta ba waya.

"Kana jin ana cewa mu munka yanke muku wuta. Mu wa? Tunda anka haihe ni wutar ga ba ta taɓa sauka garin ga ba. Bisa kan wasu take wucewa ta tahi gare ku, mu muna sayen mai muna kunna inji. Yanzu manyanku da manyanmu sun yi hwaɗa, ga shinkahwata can gehenku ta maƙale, ga injina na tsatsa. Ɗauki, Barmu. In ya zauna ma lalacewa zai yi."

Ya ba ni injin da ganguna biyu na gazuwal, ya haɗa ni da makanikensa ya girka mana. Bai kafa mini sharaɗi ko ɗaya ba. Da ya kafa ma da na fi jin daɗi, da na samu abin da zan yi gardama da shi. Ana ɗora injin a amalanke na tattara ƙarfin halina na ce:

"Alhaji, akwai maganar hanyar shanun nan."

Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata.

"Bari ƙura ta kwanta tukuna. Ku dai ku sha ruwa."

Na ce to. Da bakina na ce to. Ina tafiya bayan amalanke ina jin muryar Mushe Alzuma ta cikin mota tana fitowa daga maƙogwarona, na tsani kaina, na tsani injin, na tsani shanun da ke jan sa a hankali kamar suna so kowa ya gan mu.

Kowa kuwa ya gan mu. Mun shigo gari ana watsewa daga gangami. An kira sunana a lasifika har sau uku, aka ce, samarin Arɗo suna tsaye a gaba da wankakkun rigunansu. Da ban fito ba Mushe Alzuma ya ce wa jama'a akwai waɗanda zuciyarsu ke auren ƙetare. Shi kuwa bai karanta ta bakwai ba, don bai taɓa riƙe abin da ke cikinta ba. Ga ni kuma tafe da inji mai ɗauke da sunan Alhaji Dikko da manyan haruffa a gefe. Ba wanda ya jefe ni, ba wanda ya zage ni a fuska. Hanya kawai aka buɗe mini, irin buɗewar da ake yi wa mai ɗauke da mushe.

Washegari kafin azahar shato ta cika har ta yi ambaliya. Na tsaya ina jin ƙarar ruwa a bututu, mata na guɗa a bakin pampo, waɗansunsu matan waɗanda suka buɗe mini hanya jiya. Na zagaya kwamaye. Shanun Arɗo sun dulmiya baki ba mai ɗagowa. Yana tsaye da sandarsa a wuya. Na yi masa sallama ya amsa, idonsa na kan shanu.

"Sun sha, Mushe. Mun gode."

"Arɗo, ka yi mini aikin gahwara."

"Da can wuta ta hana, yanzu ruwa ya hana. Mu dai kullum akwai abin da ya hi mu."

Daga ranar bai sake zuwa ƙofata ba. Da damina ta gaba, bayan wani faɗa a bakin burtalin da aka fasa wa ɗan ƙanensa kai, ya kwashe rugarsa ya yi arewa. Ban san inda yake ba yanzu, ban san ko yana da rai ba. In akwai wanda nake jin nauyinsa a duniya, shi ne, ba masu surutu a kasuwa ba. Wannan ku riƙe shi a kaina, na yarda.

Mako biyu bayan kawo injin aka kira taron komite, aka ce shugabancin ruwa na bukatar mutumin da ba shi da alaƙa da waje. Aka sauke ni, aka ɗora Mushe Alzuma, Illiyasu kuma ya zama mai kula da inji. Na miƙa makullai. Na zaci za su ɗora injin a amalanke su maida wa mai shi, tunda abin kunya ne. Ina! Fenti suka saya. Suka shafe sunan kawunku, suka zana tutar ƙasa a wurin, aka ɗauki hoto a gabansa da sandar azurfa. Uwarku ta ga hoton a wayar maƙwabciya, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban yi dariya ba. Illiyasu ya daina cin abinci tare da ni, yana gaishe ni daga tsaye, yana wucewa. Wata huɗu muna haka a gida ɗaya. Uwarku ta yi magana ta gaji, na ce ta bar shi, ni na koya masa taurin kai.

Gangunan nan biyu kuwa ba rijiya ba ne, na san za su ƙare, na kuma san inji na cin kayan gyara. Amma ba a tambaye ni ba, ni ma ban tambaya ba. Ruwa dai na zuwa, wata rana da ƙarfi, wata rana a ɗigo. Da bazara ta shigo zafi ya yi tsanani, aka yi kwana uku pampo shiru, aka ce injin ya ƙi tashi.

A rana ta huɗu ina gonata ta gabas ina sharar ƙaya, wadda ke bakin hanyar Kukar Maje. Rana ta ɗaga sosai. Na ji ƙarar moto, wato babur, tafe daga wajen ƙetare, tana tafiya a hankali saboda yashi da nauyi. Da ta matso sai na ga ɗana. Bido biyu a ɗaure a baya, wani ƙarfen inji a nannaɗe da tsumma a kan tanki, rigarsa duk ta jiƙe da zufa da mai. Ya gan ni, na gan shi, hanya kuwa ɗaya ce. Ya tsaya, ya kashe moto, ya sauke ƙafa ɗaya.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa. Sannu da hanya."

Na shirya maganganu da yawa a watannin nan huɗu, na tsara su ɗaya bayan ɗaya kamar takardar zama, amma ko ɗaya ba ta zo ba. Abin da na gani shi ne bidon hagu yana ɗiga, man yana bin taya yana shiga yashi. Na ajiye manjagara, na tsinci wata leda a gindin sabara, na kwance murfin na sa ledar na murɗe shi da kyau. Yana kallon hannuna.

"Kawu na gaishe ka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ina amsawa."

"Ya ce in hwaɗa ma, a riƙa canza mai kan lokaci."

"Gaskiya ya hwaɗi."

Na ja igiyar na ga ta ɗauru. Tausayinsa ya kama ni, don na san irin buɗe hanyar da ke jiran mai shigowa da kayan ƙetare. Na ce masa:

"Ka bi ta bayan maƙabarta. Yanzu Mushe Alzuma na nan zaune bakin kasuwa, kada ya gan ka."

Ya sunkuyar da kai, ya shafa gemunsa.

"Shi ya aiko ni, Baba."

Na ɗauki manjagarata na koma kan ƙaya.